Motar da za ta ɗauki uwata

Toranke,
Ƙaramar Hukumar Ajingi.

Zuwa ga autana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a Kano, kai da abokinka da ya sauke ka. Mu nan gida lafiya lau muke. Innarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kada yawon duba motoci ya ramar da kai.

Jiya ma na hau babur na je Kademi gidan surukinka Malam Bukar, na gano matarka Falmata da jaririya. Mai jego ta murmure sosai. Ita kuwa 'yar, tun ranar da aka raɗa mata Hauwa'u, sunan mahaifiyata, bakina bai iya kiranta da komai ba sai uwata. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Malam Bukar ya dube ni ya ce, "Malam Idi, wai kai ba ka da gona ne? Kullum kana nan." Na ce masa gona ta jira, gyaɗa ba ta san ni ba, wannan kuwa ta fara gane muryata. Ya ce iska ce kawai take murɗa mata ciki. Ban kula shi ba. Allah ya raya mana ita, ya shirya ta, ya sa mai jin ƙanku ce.

Ranar da ka kira ni a waya ina tsakiyar kasuwar Ajingi, rabin maganarka hayaniya ta cinye. Na ce maka zan rubuto. Ka san sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na koyi riƙe biro, hannuna ba ya sauri. Amma na lura idan hannu yana tafiya a hankali, kai ma yakan samu damar tunani. Saboda haka ka yi haƙuri da tsawon takardar.

Ga abin da na fahimta. Ka samu aikin likitan dabbobi a wajen Jos, alhamdu lillahi, kuma da Falmata ta gama wankan jego za ka ɗauke su ita da 'yar ku tafi. Ka ga motoci biyu 'yan Beljiyam, dukkansu masu turbo. Ɗaya ƙaramin inji gare ta, lita ɗaya da rabi, ɗayar kuma lita biyu. Dillali ya ce maka ƙarfinsu kusan ɗaya ne, ƙaramar kuma ba ta shan mai. Zuciyarka ta karkata ga ƙaramar, kana so in sa albarka.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba. Sai dai shi abin da ke gabansa daban, nawa daban. Ni abu ɗaya ne a gabana: motar da za ta kai uwata Jos lafiya, ta riƙa dawo mini da ita duk sallah, ba ta tsaya da ita a dajin Ningi cikin tsakar rana ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan yake.

Ka san maƙerar bakin kasuwarmu. Ka ga yadda maƙeri yake danna zugazugi wuta ta tashi ta yi fari. To turbo zugazugi ne. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta dinga cusa iska cikin injin, wuta ta ƙara ci, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa ƙaramin inji mai turbo yake iya kamo babba a kan kwalta. Ba na ƙin turbo. A tudun Jos ma, inda iska ba ta da kauri irin tamu, na sha ganin motar da ba ta da shi tana hawa da ƙyar, mai turbo ta wuce ta kamar tana tsaye. Amma ka tuna, ƙaramin murhu idan ana so ya ba da zafin babba, sai an yi ta zuga shi ba hutawa. Babban kuwa zuga kaɗan ta ishe shi. Idan mota ba kaya, hanya kuma shimfiɗe, ƙaramin yana hutawa, yana shan mai kaɗan, gaskiyar dillali ke nan. Idan aka loda masa kaya aka sa shi a hawa ko a yashi, sai ya koma aiki da iyakar ƙarfinsa, ya yi zafi, man ma ya sha kusan yadda babban zai sha.

Ban koyi wannan a aji ba. Injuna na kashe kafin na gane, kuma gara ka ji yadda aka yi.

Lokacin da nake tuƙa akori-kurar wani Alhaji mai fataucin hatsi, daga Ajingi zuwa Kano, ita ce mota mai turbo ta farko da na taɓa riƙewa. Babban inji gare ta, na gas. Ina son ta ƙwarai. In na sauke kaya a Kano, sai in taso da gudu don in samu jam'in la'asar a masallacinmu. Sau da yawa ina shigowa gari ana tayar da iƙama. Sai in taka burki, in murɗe makulli, in diro in ruga wajen buta. Ina ganin na yi dabara, na haɗa neman abinci da ibada. Ba a yi nisa ba mota ta fara wani fito kamar na makiyayi, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba. Na kai ta Gaya wajen Garba bakanike. Ya kwance turbon ya miƙo mini. Man da ke cikinsa ya ƙone ya daskare, kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a kan wuta.

Ya ce, "Malam Idi, in ka iso gida yaya kake kashe ta?"

Na gaya masa, har da ɗan alfahari.

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "To kai ka samu jam'i, shi kuma turbo kullum jana'izarsa kake yi. Abu ya taho ja wur kamar garwashi, mai ne kaɗai ke zagayawa yana sanyaya shi, kai kuma ka datse man. Me kake so ya yi?"

Tun daga ranar na canza. In na kusa gari sai in sassauta gudu. In na tsaya ba na kashewa, sai in bar injin a silo, yana aiki a hankali ba a taka totur ba, in ɗauki buta in yi alwalata a tsanake a gefen mota, sannan in kashe. Garba ya sa wa abin suna alwalar turbo, direbobin tashar Ajingi suka ɗauka. Na kuma koyi tasowa daga Kano da wuri, na daina haɗa salla da tsere. Na san za ka ce motocin yanzu suna da ruwan da ke sanyaya turbon. Haka ne, sun fi na da haƙuri. Duk da haka, bayan doguwar tafiya ko hawan dutse, ka yi masa alwalarsa. Ba ta rage ka da komai. Ƙaramin inji kuma ya fi buƙatarta, don shi ya fi shan zuga.

Bayan an sa sabon turbo, sai na sake wani sakacin. Kaka ta yi, gyaɗa ta fito, kowa yana neman mota. Lokacin juyen baƙin mai ya zo na ce sai jibi, jibi ta zo na ce sai an ci kasuwa. In mai ya ragu sai in tsaya bakin hanya a auno mini daga buɗaɗɗiyar duro, wanda ban san asalinsa ba, in ƙara in wuce. Wannan babban injin ya jure mini, ya yi ta jurewa, don yana da sauran ƙarfi a ajiye. Da Garba ya buɗe murfin mai ya ga abin da ke manne a ciki, bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Da ƙaramin inji ne, da tuni ka dawo gida a ƙafa." Ka riƙe wannan, Sanusi. Babban inji yakan yafe sakaci sau da yawa kafin ya yi fushi. Ƙarami mai turbo ba ya da wannan haƙurin. Man da masu motar suka ce a zuba, shi za ka zuba, a rufaffen galan, juye kuma a kan lokacinsa ko kafin lokacin, saboda zafin ƙasarmu da ƙurar hanya. Ka riƙa duba matatar iska. Fetur kuma ka sha a gidan mai da ka yarda da shi. Na 'yan bumburutu sai dole ta kama, don ƙaramin inji mai turbo in ya sha gurɓataccen fetur za ka ji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wannan ƙarar kuwa cin injin take yi. Aikinka na shiga rugage ne da ƙauyuka, inda gidan mai yake nisa. Ka sa wannan a cikin tunaninka.

Kada ka ce na tsaya wa babban inji ido rufe. Shi ma yana da nasa. Cikin gari ya fi shan mai, kayan gyaransa sun fi tsada, kuma yana ruɗin direba. Ƙarfinsa yakan hau wa mutum kai. Wata rana gab da Wudil na fito zan wuce tirela don kawai na san ina da ƙarfin wucewa, ban tsaya na ga gabana sosai ba. Sai ga bas cike da mutane. Allah ne ya tsare, na koma layina da ƙyar, madubina ya tafi. Na sauka gefen hanya, na daɗe ban iya tayar da mota ba. Ƙarfin da ke cikin babban inji ajiya ne don ranar hawa da ranar kaya. Ba na nuna wa direban tirela ba ne. In ka ji ƙafarka tana ƙaiƙayi a kan totur, ka dubi madubi ka ga wadda ke kwance a cinyar Falmata.

Yanzu ga babbar maganar, wadda dillalin Kano ba zai sani ba don shi ba ɗan Toranke ba ne.

Ka ce mini a waya, "Baba, ai mu uku ne kawai, ni da Falmata da jaririya." Na yi dariya a tsakiyar kasuwa har mai tumatir ya waiwayo. Sanusi, yaushe ka taɓa ganin mota ta fita daga garin nan da mutum uku? Motar ɗan gari ta gari ce. In an ji za ka tafi, wannan ta kawo ƙullin kuka a kai wa 'yarta a Birnin Kudu, wancan ya kawo buhun gero, wani ya ce a rage wa tsohuwarsa hanya zuwa asibiti. In za ka dawo ma haka, da dankalin Turawa da kabeji na kowane gida. Ba mugun hali ba ne, da shi muke rayuwa, ni ma an yi mini. Amma inji bai san zumunci ba, nauyi kawai ya sani.

Ka tuna bikin 'yar gwaggonka Asabe, yayata, da aka kai amarya wani ƙauye bayan Kademi? Kana makaranta a Zariya lokacin. Wani maƙwabcinmu ya ba da aron sabuwar motarsa mai ƙaramin inji da turbo, aka ce ni zan ja tunda ni ne tsohon direba. Da na gwada ta ni kaɗai a kan kwalta, wallahi ta burge ni. Kana taɓa totur ta zabura. Ranar kai amarya aka fara lodi. Buhun shinkafa, jarkokin man gyaɗa, kwallaye, katifa a sama, mata suka shiga har wata a kan cinyar wata. Na ga bayan mota ya zauna. Na ce, "Yaya, ya isa haka."

Ta ce, "Wannan ɗan buhun fa? Ai ba shi da nauyi."

Na ce, "Injin ƙarami ne."

Ta ce, "Ba kai ka gama cika mana baki jiya wai tana da ƙarfin doki sama da ɗari ba? Doki ɗari ne za su kasa jan 'yan matan nan da shinkafa? Kai dai Idi tun kana yaro kake da tsoro."

Matan suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Sai na buɗe but da hannuna na sa buhun.

A kwalta ta yi ƙoƙari. Da muka sauka burji, ga damina, ga yashi, ga rana, sai na koma babbar giya ina danna totur, turbo yana ta kuka. Na ga allurar zafi tana hawa. Na ce bari in kai waccan tsamiyar. Da ƙyar muka kai, tururi ya turnuƙe daga gaba. Muka zauna a inuwa da amarya da kwallayenta, dangin ango suna can suna jira da abinci. A ƙarshe kurar shanu ce ta zo ta kwashe kayan. Yaya Asabe ta dube ni ta ce, "To ina dawakan naka? Ga shanu biyu sun fi su." Gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Motar mutane ta yi kwanaki a garejin Garba, kuma ba ta sake komawa yadda take ba.

Laifin ba na motar ba ne. An yi ta don mutum da iyalinsa a kan kwalta, kuma a nan ba ta da aibu. Ni ne ban iya cewa a'a ba. Duk shekarun da na yi ina tuƙi ban taɓa iya kallon idon babba in ce ba wuri ba. Kai kuma, autana, halina ka ɗauko kaf. Na ga yadda kake ɗora mutum biyu a bayan babur don kada ka ɓata wa ɗaya. Da yayarka Hadiza ce ke tambayata, wadda ko liman ya kawo kaya za ta ce masa, "Allah gafarta Malam, an cika," da na ce ta ɗauki ƙaramar ta more sauƙin mai. Kai ba Hadiza ba ne. Saboda haka kada ka auna mota da mutum uku. Ka auna ta da Toranke da Kademi a ciki, a kan hawan Jos, a watan zafi.

Shawarata, ka ɗauki mai lita biyu, amma da sharaɗi. Babban injin da aka wahalar a hannun wani ya fi ƙarami mai lafiya haɗari. Na yi magana da Garba, ya tsufa amma kunnensa bai tsufa ba, ya yarda zai shigo Kano ya same ka. Ku je da sassafe kafin a tayar da ita, don dillali yakan ɗumama mota kafin mai saye ya zo. Ku ga launin hayaƙin farko. Ku buɗe murfin mai ku duba cikinsa. Ku saurara ko akwai fito. Ku sa mutane a ciki ku hau gada da ita, ido a kan allurar zafi. In Garba ya gyaɗa kai, ka saya da bismilla. In ya taɓe baki, ka bar ta ko da dillali zai yi rantsuwa, ka ɗauki ƙaramar in ita ce mai lafiya, mu kuma mu san yadda za mu yi da kaya.

Na ma fara. Shekaranjiya na shiga gidan Yaya Asabe, na tarar har ta ɗaure kayan da za ta ɗora maka: buhun gero, daddawa, kuka, da turmi sabo fil, wai Falmata ba za ta samu turmin kirki a Jos ba. Motar da ba a ma saya ba, an riga an cika ta. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yaron da aka aika ya ɓatar da saƙo. Na ce, "Yaya, kayan nan ba za su shiga motar Sanusi ba. A wannan tafiyar ba kayan kowa. Ranar kasuwa zan kai su tashar Ajingi da kaina in ba direban da na sani."

Ta ajiye tsintsiya ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Idi? Kai ne kuwa? Wa ya ara maka baki yau?"

Na ce, "Uwata ce za ta hau."

Ka san sunan nan ba ni kaɗai ya taɓa ba, ita ta yi jinyar mahaifiyarmu har ƙarshe. Can sai ta goge ido da bakin zane ta ce, "To in Inna ce za ta hau, a bar mata wuri ta miƙe ƙafa." Da kanta ta ja turmin ta mayar ɗaki. Yau kuma na ji ta a bakin rijiya tana gaya wa mata kada wadda ta kuskura ta kawo ko ƙullin barkono. Na gaya wa Malam Bukar shi ma, ya ce ragon da ya yi niyyar ba ku zai ci gaba da kiwonsa har sallah. Ashe kalmar ba ta da wuya haka. Na makara wajen koyonta, kamar yadda na makara a karatu, amma ga shi ta yi amfani. Kai kada ka jira furfura. Taimakon mutane wajibi ne, in da wuri ka ɗauka da fara'a. In bayan mota ya fara zama, ka ce ya isa, ka ce Baba ne ya hana. Na yarda a yi fushi da ni.

Ranar tafiya ku tashi bayan asuba, ku yi addu'ar hawa, ku ci hanya da sanyin safiya. Ka duba ruwa da mai da taya tun da daddare kafin ku kwanta. Ka sa jarkar ruwa a but. Ku riƙa tsayawa Falmata ta shayar a huce, injin ma ya huta. Ka riƙe salla, ka riƙe matarka da mutunci, don ta bar iyayenta ta bi ka garin da ba ta san kowa ba. Ka kyautata wa Fulanin da za ka yi wa aiki. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa ku sauka lafiya, ya yi wa aikinka albarka.

Saura roƙo ɗaya. In sallah ta zo kun shigo Toranke, za ka same ni a ƙofar gida, don tun safe zan shimfiɗa tabarma a nan. In ka tsaya kada ka kashe motar, kada kuma ka yi saurin fitowa gaishe ni. Ka bar injin a silo ya yi alwalarsa. Falmata ta sauke gilashi ta miƙo mini uwata ta taga, ni zan riƙe ta har turbo ya huce.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu Direba, Toranke.